Ƙoshi dabam, ƙarfin ƙashi dabam

Ƴan makaranta, ku duka kun san ƙadangare. Daga Madawa har Buza, daga Tamaske har Keita, babu katangar da ba ya hawa. Da hantsi ya ɗaga, sai ka ga jan gwada ya hau dutse ko jikin rumbu, ya baje ciki, yana ta gyaɗa kai. Mutane suna cewa shan hantsi yake yi. Wasu kuma su ce ragwanci ne kawai. To, ba ragwanci ba ne. Aiki yake yi, kuma babban aiki: ƙashin jikinsa yake ginawa.

Akwai yaran da ke kama ɗan ƙadangare da zarge, ko su samo ɗan kunkuru ko hawainiya. Sai su sa shi cikin kwali, ko gwangwani, ko tsohuwar tukunya, su tura ƙarƙashin gado don kada manya su gani. Kullum suna jefa masa fara ko sauran tuwo. In ka tambaye su, sai su ce kiwo suke yi. Ba mugunta ce ta sa su ba, sha'awa ce. Amma ni a ganina wannan kiwo bai dace ba. Wanda ya raba ƙaramar dabba da rana, ya raba ta da abincinta na daji, to ya ɗauki nauyin ƙashinta a wuyansa. In ba zai iya sauke nauyin ba, ya bar ta inda ya gan ta. Zan kawo muku dalilaina, ku auna su da kanku.

Dalili na farko yana nesa da Adar. Ku ɗauko taswirar duniya, ku nemi Ostaraliya. Tsakiyar ƙasar nan busasshiya ce, ga zafi, ga duwatsu, ga ƙananan itatuwa, kusan kamar tudun Keita da rani. A can akwai wani ƙadangare da masana ke kira Pogona. Turawa suna ce masa dodo mai gemu. Ba dodo ba ne, kuma gemun ba na gashi ba ne. Wasu ƙayoyi ne na fata a ƙarƙashin haɓarsa. In ya fusata ko ya tsorata, sai ya kumbura maƙogwaro, ƙayoyin su miƙe, wurin ya yi baƙi. Shi ma yana gyaɗa kai kamar namu. Har yana da wata ɗabi'a da namu ba shi da ita: yakan ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya juya ta a hankali, kamar mai gaisuwa daga nesa.

Wannan ƙadangare yana da sanyin hali, ba ya yawan cizo. Shi ya sa mutanen Amurka da Faransa da Jamus da Ingila suke kiwonsa cikin ɗakunansu, kamar yadda mu muke kiwon tantabaru. Ostaraliya ta daɗe da hana fitar da namun dajinta, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Turai can aka ƙyanƙyashe su. Da yawa cikinsu ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu ba. Wasu ma ba su taɓa ganin rana ba, sai ta bayan gilashi.

Ran da ya fito daga ƙwai, tsawonsa har da wutsiya bai wuce santimetir 10 ba. Kafin shekara guda ya kan kai 40 ko fiye. Ku auna da abin awonku, ku gani. Jiki ya ninka har sau huɗu cikin wata goma sha biyu! Kowane ƙashi na jikin nan sai an gina shi cikin wannan ɗan lokaci. A nan ne matsala take shigowa. Likitocin dabbobi na ƙasashen nan sun ce ciwon laushin ƙashi yana cikin cututtukan da suka fi gani ga ƙadangarun gida, kuma ƙanana ya fi kamawa.

Ga yadda ciwon yake. Da fari ɗan ƙadangaren yana ci, yana ƙiba, mai shi yana murna. Sannu a hankali sai yatsunsa su fara rawa. Sai ya daina ɗaga ƙirji daga ƙasa, ya koma jan ciki. Ƙafafunsa su kumbura, har wanda bai sani ba ya ce ƙarfi ne ya zo. Haɓarsa ta ƙasa ta yi laushi, tana lanƙwasa kamar roba, ya kasa kama ƙwaro. Bayansa ya doro, wutsiya ta karkace. Wani in ya faɗo daga ɗan reshe, sai ƙafa ta karye. In ba a yi magani ba, ya mutu. In an yi magani da wuri ya kan rayu, ƙashin ya sake ƙarfi, amma abin da ya riga ya karkace ba ya komawa daidai.

Ku lura da abu guda: dabbar nan ba yunwa ce ta kashe ta ba. Cikinta cike yake. Ba ƙwayar cuta ba ce kuma, ba a ɗaukarsa daga wata dabba. Mai kiwon ne ya jawo shi, ba da saninsa ba.

To, mi ya ɓace?

Ƙashi abu biyu ne a haɗe, kamar tubalin da aka kwaɓa da ciyawa. Akwai abu mai danƙo da ke hana shi tsinkewa, akwai kuma abu mai tauri kamar dutse da ke hana shi lanƙwasa. Mai taurin nan, yawancinsa sinadari biyu ne. Ɗaya ana ce masa kalsiyom, ɗayan fosfor. Haka sunansu yake da faransanci ma. Kuna iya ganin abubuwa biyun nan da idonku cikin aji. Ku samo ƙashin cinyar kaza guda biyu, ku wanke. Ɗaya ku sa cikin kwalba, ku zuba masa binegar har ya nutse, ku rufe, ku bar shi mako guda ko fiye. Tsamin zai narkar da kalsiyom. In kun fiddo shi, za ku iya tanƙwara shi da yatsa biyu. Haka haɓar ɗan ƙadangaren nan take zama. Ɗayan ku sa shi cikin garwashi har ya yi fari fat. Wuta ta cinye danƙon, sai dutsen ya rage, da kun matsa shi zai marmashe. Kakanninku mata sun san wannan farin gari sarai. Shi ne allin da suke shafawa a yatsa in suna kaɗi.

Amma ba ƙashi kaɗai ke bukatar kalsiyom ba. Jini ma yana bukatarsa kowane lokaci, dare da rana. In babu shi cikin jini, zuciya ba ta bugawa daidai, tsoka ba ta motsi daidai. A jikin mutum, kashi 99 bisa 100 na kalsiyom yana cikin ƙasusuwa da haƙora, ɗan sauran yana yawo cikin jini da nama. Wannan ɗan sauran kuwa, jiki ba ya yarda ya ragu. Saboda haka ƙashi ya zama rumbu. In abinci ya kawo kalsiyom da yawa, sai a zuba a rumbu. In abinci bai kawo ba, sai jiki ya buɗe rumbu ya ɗiba. Kun san abin da ke faruwa ga gidan da ake ɗibar hatsi kullum, ga shi damana ba ta yi kyau ba. Daga waje rumbu yana tsaye kamar kullum. Sai ran da aka leƙa ciki.

Babbar dabba tana da rumbu cikakke, tana iya jurewa watanni. Ƙarama kuwa ginin rumbun ma ba a gama ba, ga shi ana ɗiba. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƴaƴa.

Yanzu mu duba abincin. Masu kiwon ƙadangare mai gemu suna ba ƙananansa gyare da tsutsotsi. Ƙwari abinci ne mai kyau, suna sa girma. Mu ma muna cin soyayyar fara da yaji, kuma tana gina jiki. Amma fara ba ta da ƙashi. Ɓawon da ke jikinta ba irin na ƙwai ba ne. Kalsiyom ɗinta kaɗan ne, fosfor ya fi shi yawa nesa. Shi kuwa ɗan ƙadangare yana son kalsiyom ya fi fosfor, kamar kashi biyu da kashi ɗaya. In fosfor ya yi yawa, sai ya hana jiki amfana da ɗan kalsiyom da ke akwai. A daji ba a samun wannan matsala, don ƙadangare ba ya cin abu guda. Yau tururuwa, gobe gara, jibi buzuzu, ga ɗan ganye, ga fure. Ƙwarin da yake kamawa su ma cikinsu cike yake da ganyaye iri iri, kuma yakan haɗiye su da ƴar ƙasa. Babu yaron da zai iya tara masa duk wannan cikin gwangwani.

Sai kuma rana, wadda ita ce babbar magana. Ko da abinci ya cika da kalsiyom, ba ya ratsa hanji ya shiga jini sai da taimakon bitamin D. Bitamin ɗin nan, fata ce ke yin shi in hasken rana ya taɓa ta. Kuma ba hasken da muke gani ba ne ke wannan aiki. Cikin hasken rana akwai wani sashe da idon mutum ba ya gani, ana ce masa ultrabiyole. Shi ne mai aikin. Abin mamaki, gilashin taga yana barin hasken da muke gani ya wuce, amma yana tare wanda ke yin bitamin D. Ɗaki yana iya yin haske tar, ƙadangaren da ke ciki kuwa kamar cikin rijiya yake. Ban da haka, jikin ƙadangare ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya ko na mutum. In bai sha zafi ba, abincin ma ba ya narkewa cikin cikinsa. Kun ga abin da jan gwada yake yi a bisa dutse.

Masu kiwo na Turai da suka gane haka, sai suka shiga sayen rana da kuɗi. Suna rataya fitila guda mai ba da zafi, don wurin shan hantsi ya kai wajen digiri 40. Suna rataya wata mai ba da ultrabiyole. Ita wannan ta biyun tana da yaudara: bayan wata shida zuwa shekara guda tana nan tana haske, amma ƙarfinta ya ragu, sai an saye sabuwa. Suna kuma barbaɗa garin kalsiyom a jikin gyare kafin su ba ƙadangaren. Har gyaren ma sai sun ciyar da shi ganye mai kyau tukuna. Duk wannan wahala da kuɗi, don a kwaikwayi abin da kowace katanga ta Buza ke bayarwa kyauta.

Na san abin da wani cikinku zai ce. Zai ce: «Malam, wannan ai ciwon Turai ne. Mu nan rana ta yi mana yawa.» Gaskiya ne rana ta yi yawa a waje. Amma nawa ce take shiga ƙarƙashin gado? Kwali da gwangwani da bangon laka sun fi gilashi tare haske. Ƙadangaren da ke cikin tukunya a Madawa bai fi wanda ke cikin ɗaki a Jamus samun rana ba. Na Jamus ma ya fi shi, tun da an saya masa fitila.

Wani kuma zai ce: «To, sai in fid da gwangwanin in ajiye shi a rana.» Kada ka yi haka! Da bazara zafin garuruwanmu yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin gwangwani kuwa ya fi haka nesa. Kafin ka dawo daga aike dabbar ta mutu. Ka duba ƙadangaren katanga da kyau. Ba ya wuni a rana. In ya sha ta ishe shi, sai ya koma inuwa ko ya shige tsaguwar bango, in ya huce ya sake fitowa. Shi ya san awon da ya dace da jikinsa. Abin da kwali ke ƙwace masa ke nan: ikon zaɓen wurin zama.

Akwai kuma mai cewa: «Ƙadangare ne fa kawai, mi ya sa ake wannan dogon bayani?» Amsata biyu ce. Ta farko, rai rai ne. Wanda ya tsare dabba, ci da shanta da lafiyarta suna kansa, ko babba ce ko ƙarama, kuma haka iyayenmu da malamanmu suka koya mana. Ta biyu, abin da ke faruwa ga ƙashin ƙadangare shi ne ke faruwa ga ƙashin sauran abin da muke kiwo a gida. In kun gane shi a nan, kun gane shi ko'ina.

Mu ɗauki kunkuru, don shi ne ya fi ba ni tausayi. Babban kunkurun nan na Sahel, mai ƙayoyi a cinya, ana samunsa daga Senegal har Habasha. A duniya duka, iri biyu ne kawai na kunkurun tudu suka fi shi girma, su kuwa a tsibirai suke. Namiji yakan wuce kilo 50, kuma yana iya daɗewa kamar mutum. Ran ƙyanƙyasa kuwa bai fi ƙwan kaza girma ba. Mutane suna son ajiye shi a gida. Yawan kamawa da ƙarancin daji sun sa ya ragu ƙwarai, har ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Tun shekarar 2000 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje. Nijar kuma tana da dokar farauta da kare namun daji ta shekarar 1998, kuma ba kowace dabba ce aka yarda a kama ba.

Yara da yawa suna tsammani ƙoƙon bayan kunkuru ɗaki ne da yake shiga yana fita. A'a. Ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka baje suka haɗe, aka lulluɓe su da wani abu irin na farce. Akwai jini a ciki, kuma yana jin zafi. Saboda haka mai huda gefen ƙoƙon don ya ɗaura igiya, ƙashi mai rai yake hudawa. Ku daina, ku kuma hana ƙannenku. Dabbar da kusan duk jikinta ƙashi ne, ku yi tunanin yawan kalsiyom da take bukata tana ƙarama. In an tsare ɗan kunkuru a duhu ana ba shi tuwo da shinkafa, watanni suna wucewa ƙoƙonsa ba ya yin tauri. In ka danna sai ya lotsa. Daga baya ya baje, ko ya karkace, ƙafafun baya su kasa ɗaukarsa.

In kun tarar da kunkuru a gidanku, ba ku kuka kamo shi ba, to ga haƙƙinsa. A ba shi fili mai rana da inuwa, da ƙasar da zai gina rami, don cikin rami yake samun sanyi da laima. A ba shi ciyawa, ɗanya da busasshiya, da ɗan ganyaye, da ruwa cikin kasko marar zurfi. Ban da tuwo, ban da nama, ban da kayan zaƙi. Sau biyu ko uku a mako a barbaɗa masa ɗan garin ɓawon ƙwai a kan ciyawar, abin da yatsa biyu suka ɗauka, don shi ma kalsiyom in ya yi yawa yana da illa. Kuma duk wanda ya taɓa kunkuru ko ƙadangare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, don sukan ɗauki ƙwayoyin cutar zawo. A Amurka, saboda wannan dalili, tun 1975 aka hana sayar da ƙananan kunkuru.

Da na ambaci ɓawon ƙwai, ku san abin da muke zubarwa a juji. Ɓawon ƙwan kaza guda yana ɗauke da wajen garam 2 na kalsiyom. Daga jikin kazar ya fito. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta take ɗiba. Kazar da ke yawo tana tsince-tsince ta kan samu abin da take so. Wadda aka kulle ana ba ta tsaki kaɗai, sai ta fara yin ƙwai mai ɓawo sirara, ko ma ƙwai marar ɓawo, wata har ta gurgunce. Maganin ba ya cin ko dala. A tara ɓawon, a wanke, a tafasa ko a gasa, a daka shi lukui, a haɗa da abincinsu. A daka sosai, don in kaza ta gane ɓawo ne, sai ta koyi fasa ƙwanta.

Ragon turke ma haka. Dusa tana sa ƙiba, amma fosfor ya cika ta, kalsiyom kaɗan ne. Ragon da ake ɗura wa dusa ba harawa yakan yi tsakuwa a mafitsara, fitsari ya tsaya masa, ga Layya ta matso. Doki kuma ƙasusuwan fuskarsa su kumbura, har Turawa suna kiran wannan ciwon dusa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyom, su ne ke daidaita dusa. Kanwa da gishiri suna da nasu amfani, amma ba su tsaya a madadin kalsiyom ba.

Abin da zai ba ku dariya, mu da muke wannan magana a bisa kalsiyom muke zaune. Farin dutsen da ke cikin tuddan Adar, shi ne irin wanda ake ƙonawa a Malbaza ana yin siminti. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ce ta rufe wurin nan. Ɓawon dabbobin ruwa ne ya taru a ƙasanta, ya daskare ya zama dutse. Har yanzu masu kiwo da masu tara duwatsun gyaran gona suna tsintar katantanwar da ta zama dutse. Ku ɗauko ɗan farin dutse, ku ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, to akwai kalsiyom ciki. Ku gwada da ɓawon ƙwai, za ku ga kumfa iri ɗaya.

Saura ku da ƙannenku. Ƙashin ɗan Adam ma da kalsiyom da rana ake gina shi. Akwai ciwon da ke sa ƙafafun yaro su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannunsa ya yi kauri, ya yi jinkirin tafiya. A Turai ta da, rashin rana ne ke kawo shi, cikin biranen da hayaƙi ya rufe. Da aka gan shi a ƙasashenmu masu rana, sai likitoci suka yi mamaki. A birnin Jos na Najeriya, wani likita mai suna Tom Thacher da abokan aikinsa suka bi sawun abin. Sun yi wa yara 123 magani har mako 24. Wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyom kaɗai, wasu duka biyu. A shekarar 1999 suka bayyana abin da suka gani: waɗanda suka sami kalsiyom sun fi warkewa. Yaran nan ba rana suka rasa ba. Abincinsu hatsi ne, nono kaɗan, abin da suke samu a yini wajen miligaram 200 ne na kalsiyom. Masana kuwa sun ce yaron da ke samun ƙasa da 300 yana cikin hatsari.

Gero shi ne ƙarfinmu, ba mai raina shi. Amma garam 100 na gero, kalsiyom ɗinsa wajen miligaram 40 ne, fosfor kuwa kusan 300. Ashe hikimar iyayenmu mata ba ƙarama ba ce da suka haɗa fura da nono, suka haɗa tuwo da miyar kuka. Rubu'in litar nono yana da wajen miligaram 300. Ganyen kuka yana cikin ganyayen da suka fi kowane kalsiyom, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake dakawa har da ƙaya. Furar da aka dama da ruwa zalla tana cika ciki, amma ba ta zuba komi a rumbun ƙashi. In kun ga ƙanenku ya wuce shekara biyu ƙafafunsa suna ƙara lanƙwasa, ku gaya wa iyayenku a kai shi likita. Kada ku ba shi alli ko garin dutse da kanku. Awon magani aikin ma'aikatan lafiya ne.

Ban ce ku daina sha'awar ƙadangare ba. Mai son saninsa ya ɗauki littafi da alƙalami, ya zauna nesa kaɗan da katangar makaranta ran da babu aji. Ya rubuta ƙarfe nawa ya fito, minti nawa ya yi a rana, yaushe ya koma inuwa, mi ya kama ya ci. Ya yi haka da ɗari, ya sake yi da bazara, ya gwada lissafin biyu. Wanda yake da ƙadangare ko hawainiya cikin kwali yanzu, ya mai da ita inda ya kamo ta, da safe, kusa da duwatsu ko icce inda za ta sami maɓoya. Kunkurun da ya daɗe a gida kuwa ba a jefar da shi a daji haka kawai, don yana iya kai wa na daji cuta, ko wani ya sake tsince shi. Sai a gaya wa malam, shi kuma ya sanar da ma'aikatan gandun daji na Madawa ko Buza ko Keita.